Hayar Makulli

Duk wanda ya leƙa shafin sayar da manhajar kwamfuta a 'yan shekarun nan zai ga an rubuta farashi da manyan lambobi, sannan can gefe, da ƙananan haruffan da sai mutum ya matso da fuska zai iya karantawa, an maƙala cewa na shekara ɗaya ne. Wani lokaci ma dabara ake yi, a raba kuɗin gida goma sha biyu a nuna maka na wata guda don ya yi daɗin gani, sai ka zo biya a ce ai na shekara ake karɓa gaba ɗaya. Da ba haka abin yake ba. Manhaja a kwali take zuwa, da faifanta da 'yar takarda mai ɗauke da lambar lasisi. Ka biya sau ɗaya, ka ɗora a na'urarka, kai da kamfani sai wata rana in ka ga dama.

Kamfanin Adobe ne ya fito da sabon salon fili a 2013, lokacin da ya daina sayar da sababbin Photoshop da 'yan uwanta, ya ce kowa ya koma biyan wata-wata. Aka yi ta surutu har aka gaji, sauran kamfanoni suka ga babu abin da ya sami Adobe sai ƙarin kuɗi, suka bi sahu. Wannan bai dame ni sosai ba. Mai zane da Photoshop kullum da ita yake cin abinci, in ya biya ya san abin da ya biya wa. Inda abin ya tsaya mini a rai shi ne da salon ya iso kan manhajojin kwafin ajiya, waɗanda ke kwashe abin da ke cikin kwamfuta su adana shi a wani faifai daban saboda ranar tsautsayi.

Ita wannan manhaja ba a ganin aikinta. Tana can a ɓoye tana kwafe-kwafenta, mai kwamfuta kan yi shekara bai buɗe ta ba. Amfaninta na rana ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin masu gyara a titin Beirut a Kano ya ga irin ranar. Yaro zai shigo da laftof rungume a ƙirji, furojet ɗinsa na kammala karatu na ciki, saura mako guda ya miƙa. Mai gyara zai kunna, ya kara kunne a jikin na'urar, kai da ke gefe ma kana jin faifan yana ƙat, ƙat, ƙat. Sai ya ɗago ya ce, "Malam, ka ajiye kwafi a wani wuri?" Shirun da ke biyo baya ya isa amsa. Daga nan sai maganar a sa sabon faifai a ɗora Windows. Kwamfuta ta tashi, aikin wata shida ya tafi.

To, masu sayar da maganin wannan rana su ne suka koma karɓar kuɗin shekara. Acronis, mai hedikwata a Suwizalan, ya daɗe yana sayar da True Image saye na har abada. A 2021 ya sauya mata suna zuwa Cyber Protect Home Office, da kayan yaƙi da bairos cushe a ciki, ya mayar da ita ta kuɗin shekara. A 2024 ya dawo da tsohon sunan, da alama ya gane da shi mutane suka san ta. Macrium kuwa, wani kamfani a Manchesta ta Ingila, ya shekara da shekaru yana raba Reflect Free kyauta, har ta zama abin da masu harkar kwamfuta ke fara ambata in aka ce a kwafi faifai sukutum. Sai ya sanar da yi mata ritaya, ya daina yi mata gyaran tsaro daga farkon Janairun 2024. A ƙarshen 2024 ɗin ya fito da Reflect X, ita kuma ga mai kwamfutar gida babu saye, sai biyan shekara. Kafin su duka, CrashPlan ya sanar a 2017 cewa ya fasa hulɗa da masu amfanin gida kwata-kwata, ya rufe musu ƙofa a Oktoban 2018, kowa ya kwashi kayansa ya nemi wani wuri.

Mai waya ma bai tsira ba, ko da bai taɓa mallakar kwamfuta ba. Daga 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. A 2024 kuma kwafin WhatsApp na wayoyin Android ya fara cin wuri a cikin gigabayit 15 ɗin nan da Google ke ba kowa, waɗanda Gmail da Drive da hotuna duk suke rabawa. Shi ya sa mutane da dama suka wayi gari da jan rubutu a waya ana ce musu wuri ya cika, su ƙara kuɗi. Bidiyon biki da wa'azin da ake turowa a guruf sun cinye.

Ƙaramin tsarin Acronis ko na Macrium na kwamfuta ɗaya yana kai kusan dala 50 a shekara. Ga mutumin Landan kuɗin cin abincin dare ne a waje. A Najeriya, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Dala 50 a wannan lissafi naira 75,000 ke nan, ta ɗara mafi ƙarancin albashin wata na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Kuma wannan in katinka ya yarda ya biya ke nan, don a 2022 bankuna sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka toshe gaba ɗaya na tsawon lokaci. Wanda ya sayi manhaja sau ɗaya, tashin dala na baɗi ba ruwansa. Wanda ke biyan shekara kuwa, duk hawan dala sai ta taka shi.

Ban ce kamfanonin ba su da hujja ba. Windows ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara da sabon sauyi, sababbin faifai na fitowa, kuma manhajar da ke aiki can ƙasan cikin na'ura dole a riƙa bin ta da gyara. Masu gyaran albashi suke ci. Ko a zamanin saye ma, in sabon samfuri ya fito sai ka ƙara kuɗi kafin a ba ka. Bambancin shi ne a da kai ke da zaɓi. In tsohuwar tana yi maka aiki, sai ka ce a kai kasuwa, ka ci gaba da abinka shekara biyar. Yanzu wannan zaɓin ne aka ɗauke.

Kuma akwai abu biyu da ake haɗawa a jaka ɗaya don kada a bambance. Wanda ya ba ka wuri a ma'ajiyarsa ta intanet, yana da gine-gine cike da na'urori, yana biyan wuta da masu gadi, in ya nemi kuɗi duk wata ya yi daidai, haya ce ta gaskiya. Amma manhajar da ke kwafe fayil daga kwamfutarka zuwa faifan da ka saya da kuɗinka, yana ajiye a kan teburinka, wannan kamar akwatinka ne a ɗakinka, sai aka ce makullinsa na haya ne. Galibin waɗannan manhajoji ba sa ajiye fayiloli yadda suke. Dunƙule su suke yi cikin wani ƙaton fayil guda mai tsari na kansu, wanda ba ya buɗuwa sai da su. Don haka kafin mutum ya biya ko sisi, tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: ranar da na daina biya, zan iya buɗe kwafina? A nan dole a yaba wa Macrium, don ya ce in kuɗin mutum ya ƙare zai iya dawo da tsofaffin kwafinsa, sabo ne kawai ba zai iya yi ba, kuma ya wallafa tsarin fayil ɗin Reflect X a fili. Duk kamfanin da ya ƙi amsa wannan tambaya dalla-dalla a shafinsa, ni dai ba zan damƙa masa ko hoton fasfo ba.

Na kyauta kuwa suna nan, sai dai kowanne da halinsa. Mafi kusa tana cikin Windows ɗin kanta tun 2012, sunanta File History. Ka jona faifan waje, ka kunna ta, duk awa za ta riƙa ajiye kwafin takardu da hotunan da suka sauya. Masu Mac suna da Time Machine tun 2007. Mutane da yawa sun biya kuɗin waɗannan tun ranar da suka sayi na'ura, ba su taɓa danna su ba. Wanda ya sayi faifan Western Digital ko Seagate ma, kamfanonin na ba da wani taƙaitaccen samfurin Acronis kyauta, muddin faifan nasu na jone. Sai Veeam Agent na Windows, wanda kamfanin ke bayarwa kyauta don kwamfuta ɗaya. Yana kwafe na'ura sukutum, ana sa masa lokaci ya yi da kansa kowane dare. Amma na kamfani ne, abin da ya sami Reflect Free babu mai rantsuwa ba zai same shi ba.

Clonezilla dabam take. Daga wata cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Taiwan ta fito, kuma buɗaɗɗiya ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ba wanda zai wayi gari ya ce ya janye. A filash ake sa ta, a kashe kwamfuta a tayar da ita daga filash ɗin. Abin da zai bayyana shuɗin allo ne da rubutu zalla, babu linzami, sai kibiyoyi da Enter. Ba za ta ce maka ga faifan ciki ga na waje ba, sai dai ta jero sda da sdb da girman kowanne. Nan ne wurin da ake tafka asara, don in mutum yana kwafar faifai zuwa faifai ya juya su, sai ta shimfiɗa wanda babu komai a kan mai kaya, kuma za ta yi aikin tsaf babu kuskure. Tana tambaya har sau biyu ko ka tabbata, amma mai gaggawa ba ya karanta tambaya. Ga wanda wannan ya ba shi tsoro akwai Rescuezilla, mai hotuna da maɓallan dannawa, kuma tana karanta kwafin da Clonezilla ta yi. Aibinsu ɗaya, ba sa aiki da kansu. Sai ka tuna, ka ajiye aikinka, ka zauna.

In aka tambaye ni, mafi yawan mutane ba sa ma buƙatar kwafin na'ura sukutum. Windows da manhajoji, mai gyara zai mayar da su kafin la'asar. Abin da ba ya dawowa shi ne rubutunka, lissafin shago, takardun fili da aka ɗauka a hoto, muryar mahaifiya da aka naɗa kafin ta rasu. Waɗannan kuwa FreeFileSync ta ishe su. Ka nuna mata folda a hagu, ka nuna mata faifan waje a dama, ta jero maka abin da ya sauya da 'yan kibiyoyi a tsakani, ka duba da idonka kafin ka ce ta kwafa. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne fayilolin suna nan yadda suke. Ko manhajar ta ɓace daga duniya gobe, ka ɗauki faifan ka jona a kwamfutar kowane shagon buga takardu, komai zai buɗe. Sai dai a kula a kunna mata ajiye tsofaffin kwafi, in ba haka ba abin da ka goge bisa kuskure a hagu za ta iya cire shi a dama.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar ta mece ce, ai a kasuwa ana ɗora ta kuɗin ma a kan 'yan canji. Gaskiya ne ana yi. Amma manhajar kwafi izini take da shi ta taɓa kowane lungu na faifai, kuma wanda ya fasa ta ya saka a intanet ba don Allah ya yi ba. Ta irin wannan ƙofa masu garkuwa da fayiloli ke shigowa su kulle komai su nemi kuɗin fansa. Saboda su ɗin ne ma ba a barin faifan kwafi a jone dare da rana. In an gama a zare shi a sa a durowa, don abin da ya kama kwamfuta, ko bairos ne ko wuta ce ta dawo da ƙarfi, ba ya tsallake abin da ke maƙale da ita.

Kwafi ɗaya a wuri ɗaya ma bai isa ba. A 1998 wani ma'aikacin kamfanin fina-finai na Pixar ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 ya shafe ana kallo. Da aka je ga kwafin kamfani sai aka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ta haihu take aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Kamfani mai tarin injiniyoyi, kwafin da ke wani gida daban ne ya fid da shi kunya.

Saboda haka mai karatu, in kana da kuɗin shekara kuma aikinka ya kai, biya, babu laifi, amma ka fara samun amsar waccan tambayar. In ba ka da shi, kuɗin shekara ɗaya ko biyu ka tara ka sayi faifan waje, ka ƙara da filash mai ɗaukar takardun da ba ka iya rasawa, ka kai shi gidan yayarka ko ƙaninka ya zauna can. Kuma cikin makon nan ka jona faifan a kwamfutar wani, ka buɗe fayil uku ko huɗu ka gani da idonka suna buɗuwa.