Wutar da Ke Sirka Wuta

Duk mai shayi a Tudun Wadar Zariya ya san ruwan ɗumi, duk da ɗuminsa, yana kashe tafasar buta. Haka lamarin yake a tauraron nutiron, gawar tauraro wadda ta fi rana nauyi, alhali faɗinta kusan kilomita 20 ne, kamar a je Samaru a dawo.

Tauraron yakan zuƙo haidirojin da hiliyam daga maƙwabcinsa. In sun taru sai su kama da wutar nukiliya, hasken eksire ya tashi na 'yan daƙiƙoƙi. A 1975 aka fara ganin haka. Zafin fashewar kan kai digiri miliyan 20, amma rawanin iskar da ke kewaye, wato korona (ba ta annoba ba), ya ninka shi sau da yawa. Hasken da ya ratsa rawanin sai ya kwashi zafinsa ya wuce.

A 2003 Maccarone da Coppi suka ga alamar haka a Aquila X-1: eksire mai ƙarfi, wanda rawanin ke fitarwa, ya ragu lokacin fashewar. Babu madubin da ke iya hango rawanin nan, don haka daga saurin hucewarsa da farfaɗowarsa masana ke laluben girmansa.