Daga Gindin Zuma Zuwa Bakin Teku: Kwana Goma Sha Biyu A Zangunan Kurmi

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gani kuma ya kori ji. Saboda haka da na sami hutun shekara daga wurin aiki, sai na ƙudura a raina ba zan ƙare shi a kan tabarma a ƙofar gidanmu a Suleja ba. Na ɗauki jakar goyo guda irin ta ɗalibai, na zuba riguna uku da darduma da littafin rubutu, na ce sai na ga inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma. Da na je sallama, mahaifiyata ta ce, "Wa ka sani a can?" Na ce, "Inna, ba kowa." Ta ce, "To, duk garin da ka sauka, ka tambayi zango." Ban gane nauyin wannan magana ba sai da tafiya ta miƙa.

Mun bar Dutsen Zuma a baya da la'asar, muka ƙetare Kwara a gadar Jamata kafin Lakwaja, gari ya waye mana a Ikko. Daga nan na shiga ƙaramar mota zuwa Badagiri, inda na fara sa teku a idona. Jama'a, wanda duk ya saba da rafin Iku da ke ratsa garinmu, in ya tsaya gaban wannan ruwa mai ruri ba dare ba rana, wanda ido ba ya hango ƙarshensa, dole ya yi tasbihi.

Hanyar da ta tashi daga Ikko ta bi gaɓar teku har Abijan ta ɗara kilomita 1,000, ta kuma ratsa ƙasashe biyar, watau Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa. Tun shekarar 1979 ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko a 1975, ta amince ɗan kowace ƙasa cikinta ya shiga ƙasar ɗan'uwansa ba tare da biza ba har kwana 90. Wannan a takarda ke nan. A kan hanya kuwa, na yi ta ƙirga shingaye har na gaji na bari. A wani shingen, wani mai kaki ya juya fasfona gaba da baya, bai ga aibu ba, amma ya riƙe shi yana kallon sama, har direba ya raɗa mini abin da ake nufi. Na biya raina yana ƙuna, domin abin da doka ta ba talaka kyauta shi ake sayar masa.

Magariba ta yi mini a Kwatano, ga ni ba Faransanci, ga sefar da na canza ba ta da yawa. Sai na tuna da maganar Inna. Na tsai da ɗan acaɓa, irin masu riguna ruwan ɗorawan nan da suka cika birnin, na ce masa kalma ɗaya tak, "Zongo." Bai tambaye ni kome ba sai da ya dire ni a ƙofar masallaci. Bayan an idar da salla, wani dattijo mai sayar da yadi ya dube ni ya ce, "Samari, baƙo ne kai ko?" Na ce, "I, ranka ya daɗe, daga Suleja." Ya ce, "Abujar da ke nan. Taso mu je gida." A daren nan na ci tuwo da miyar kuka, na kwana a ɗakin samarin gidan. Da safe na zaro kuɗi, sai ya ɓata fuska ya ce, "Ɗana, nan ba hotal ba ne. Kakana ma haka aka sauke shi." Ya kuma rubuta mini sunan wanda zan nema a Lome.

Kafin Lome na ya da zango a Wida, tsohuwar tashar bayi. Daga tsakiyar gari akwai hanyar yashi mai tsawon wajen kilomita huɗu, wadda ta ƙare a wata ƙofa da aka gina a bakin ruwa a 1995, ana kiranta ƙofar da ba a komowa. Na daɗe tsaye a wurin, domin ba dukan Hausawan da suka ga teku ne suka zo da haja ba, waɗansunsu su ne hajar. Tarihi ya tabbatar da cewa an kwashi Hausawa masu yawa ta wannan gaɓa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma shiga babban boren bayi Musulmi na 1835. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, da yawansu ta kasuwannin ƙasarmu suka biyo kafin su iso hannun Bature.

A Garan-Popo, wani gari mai itatuwan kwakwa tsakanin teku da kogin Mono, na gamu da abin mamaki. Wani Bajamushe da matarsa sun kafa wata babbar mota a inuwa, sun mai da cikinta gida. Da na yi musu sallama da Turanci, maigidan ya zagaya da ni. Ga gado, ga murhun gas, ga ɗan firiji, ga tankin ruwa, har da makewayi, a bisa rufi kuma an shimfiɗa faifan nan mai zuƙar hasken rana yana ba su lantarki. Ya ce daga Jamus suka taso, suka bi ta Sifen, jirgin ruwa ya ƙetarar da su Maroko, suka ratsa Muritaniya da Senegal suna bin gaɓa, yau watanninsu ke nan a hanya. Ya nuna mini jakar takardu guda, ta biza da inshora da izinin shigar da mota ƙasa ƙasa.

Ya dubi jakata ya ce, "Kai fa, ina kake kwana?" Na ce masa, "Kai ka ɗauko gidanka a bisa taya, ni kuwa nawa gidan ya riga ni zuwa da fiye da shekara ɗari." Ya yi dariya, yana zaton wasa nake yi.

Ba wasa ba ne. Tun kafin Bature ya shata waɗannan iyakoki, fatakenmu suke kora jakuna daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, ɗauke da kanwa da tufafi da jima, su komo da goro, madugu yana shugabantar ayari, jagaba yana duba hanya. Inda ayari ya sauka shi ne zango, inda zango ya daɗe kuma sai ya zama unguwa. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga, kuma da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, sai mutanenta suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da biranen bakin teku. Waɗansu kuma aikin soja ya kai su, tun daga rundunar Hausawa da Gulba ya kafa a Ikko a 1863, wadda aka yi yaƙin Asante da ita a 1874. Tsarin mai masauki, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa dukiya, ya tsaya masa a ciniki, shi ne jarin da suka bar mana.

Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, kafin mutum ya gyara zama an iso Lome, wadda ke manne da iyakar Gana a Aflawo. A nan sai da na fita bayan gari wajen arewa kafin na sami mai masaukina, domin a 1977 an tashi tsohon zangon da ke tsakiyar birni aka mai da shi can.

A Ankara, babban birnin Gana, na sauka a Nima. Da asuba mata suna sayar da koko da ƙosai, da hantsi a ci wake da shinkafa, wanda dukan ƙasar ke kira wace, da dare kuma tuwo zafi, duk sunayenmu ne. Yaran unguwar kuwa, Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli, da Hausa suke wasa, ko da yake Hausarsu ba ta bambanta mace da namiji, sai ka ji an ce "Hajiya ya zo." Na yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka zaman zango duk daɗi ne. Cunkoso da rashin magudanun ruwa da zaman banza na samari suna nan a fili. Dattawa kuma ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙin da ba su da takardu, aka fitar har da waɗanda a can aka yanke musu cibiya. Mu ma a 1983 mun kori mutanen Gana, har jakar da suka ɗure kayansu ciki ta sami suna. Gidan da ke tsaye a kan amana kaɗai, sa hannun hukuma ɗaya yana iya girgiza shi.

Ga wanda ke sha'awar wannan tafiya, ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, ya canza kuɗi kaɗan kaɗan, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana, ya ƙetare iyaka da rana, kada kuma ya yi wa teku ganganci, domin igiyar ruwan gaɓar nan tana jan ko gwanin iyo.

Da na komo na hango Zuma, sai tunanina ya dawo gida. Garinmu shi ne ya ba babban birnin tarayya sunansa na Abuja, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, kuma kullum baƙi kwarara suke yi cikinsa. Amma sababbin gidajenmu ba zaure, sai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. In jikan dattijon nan na Kwatano ya sauka a tashar Suleja da magariba, ya yi salla a sahunmu, wa zai dube shi ya ce taso mu je gida? Na ba Inna labari duka, ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "To, ka ci bashi. Sai ka share ɗakin ƙofar gida."