Takardar da ke duba kanta

A da, in mutum ya cika takarda a biro, magatakarda ke duba ta. In an tsallake wani gurbi, sai ya maido ta. Yau ana cika takardu da yawa a waya ko a kwamfuta. To, wa ke dubawa?

Akwai wani harshe na kwamfuta da ake kira JavaScript. Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1995. Da shi ake sa wa kowane gurbi doka. Dokar tana aiki cikin wayar mai cikawa, tun kafin ya aika. In ya yi kuskure, nan take wayar za ta nuna masa.

Wani saurayi a Sabon Gari, cikin Maraɗi, ya koyi wannan harshe. Ya shirya wa manoman rani takardar neman taki. Ya sa dokoki uku. Kada a bar gurbin suna fanko. Lambar waya ta cika alƙaluma 8, kamar yadda take a Nijar. Sai a rubuta rana da wata da shekarar haihuwa.

Dokoki biyu na farko sun yi amfani. Wata mata daga Tibiri ta rubuta alƙaluma 7. Wayar ta ƙi karɓa, ta gyara. Da an aika haka, da ba a same ta ba ran rabon taki.

Doka ta uku kuwa ta tare wani tsoho daga Jiratawa. Takardarsa ta haihuwa ta ce an haife shi wajajen 1952. Babu rana, babu wata. Tsofaffi da yawa haka tasu take. Wasu suka ce masa: "Baba, faɗi kowace rana mana!" Ya ce shi ba ya ƙarya saboda buhun taki.

Dole aka sake dokar: wanda bai san rana ba, shekara ta isa.

Waya tana iya ƙirga alƙaluma, amma ba ta san mutane ba. Ba ta san gaskiya da ƙarya ba. Shi ya sa ake sake duba takarda in ta isa inda aka aika ta. Mai sa doka kuma, sai ya fara sanin mutanen da za su bi ta.