Babin Tsarki da Rafin Pelele



Duk wanda ya zauna a kan tabarmar makaranta a Zango ya san cewa karatun fikihu da ruwa yake farawa. Tun a Ishmawi ake koya mana cewa ruwan alwala sai wanda launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa bai canja ba. In najasa ce ta canja shi, to bai yi wa ibada ba, bai yi wa girki ba. Mun haddace wannan tun muna ƙanana. Wasunmu in an tashe su daga barci ma za su iya kawo shi ba gargada. Amma a bana ne Malaminmu na fikihu ya fitar da wannan karatu daga cikin littafi ya ajiye shi a gabanmu cikin kwalabe, shi ya sa na zaɓi in yi rubutuna a kansa.

Kwalabe uku ya sa aka kawo. Ɗaya ruwan famfo, ɗaya ruwan rijiyar wani gida a unguwarmu, ta ukun kuma wani yaro ya ɗaura igiya ya ɗebo daga rafin Aboabo, wanda muke kira Pelele. Malam ya jera su a gaban allo ya ce kowa ya yi hukunci. Na Pelele bai ba kowa wahala ba. Baƙi ne ƙirin, kuma da aka buɗe murfin sai 'yan layin gaba suka ja da baya suna toshe hanci da hijabi. Na famfo da na rijiya kuwa duka garau suke, muka ce duka sun halatta.

Malam ya ce, "Alwala dai ta yi. To wa zai sha na rijiyar?"

Wasu suka ɗaga hannu. Sai ya tambayi wanda ya kawo ruwan, taku nawa ne tsakanin rijiyar da masan gidan. Yaron ya yi shiru yana lissafi, ya ce bai fi taku goma ba. Nan Malam ya bayyana mana cewa ƙasa tana tsotse abin da ke cikin ramin masai, musamman da damina, ya gangara cikin rijiya a hankali. Ƙwayoyin cutar taifot da kwalara ba su da launi, ba su da wari, ido ba ya ganinsu. Ruwa zai iya cika sharuɗɗan tsarki duka uku amma ya kwantar da gida guda. Ya ce malaman da suka rubuta littattafanmu sun yi hukunci ne da abin da ido da hanci da harshe suke iya ganewa, kuma hukuncinsu yana nan daram a kan ibada. Maganar sha kuma, sai mu haɗa da abin da ake koya mana a sukul, mu tafasa, mu rufe randa, mu daina tsoma kowane kofi a ciki.

Ni wannan ya taɓa ni sosai, don shekara biyu da suka wuce ƙanina ya yi kwana shida a asibiti da taifot. Mma ta bar sayar da koko duk kwanakin nan, kuɗin magani kuma sai da aka ranto. A lokacin kowa cewa yake yi ƙaddara ce. Ƙaddara ce ɗin, ba musu, amma ƙaddarar ta biyo ta wata hanya, kuma hanyar tana da suna.

Tsofaffin Aboabo suna ba da labarin cewa a da ana wanki a Pelele, yara suna kama kifi. Wallahi in ba don manya ne suka faɗa ba, da sai in ce tatsuniya ce. Yau abin da ke ciki ledar piya wata ce, da robobi, da tsumma, da ruwan duk gotocin unguwa, da baƙar ledan nan da kowa ya san abin da ke ɗaure a cikinta. In hadari ya haɗu, za ka ga mutane suna fitowa da kwandon shara suna juyewa a gota, wai ruwa zai tafi da shi. Ina zai kai shi? Ƙarƙashin gada yake kai shi, ya toshe, ruwan ya dawo ya shiga ɗakunan mutanen da ke bakin rafi. Mutanen Aboabo da Sawaba ba sa bukatar a ba su labarin wannan. A Ankara ma, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Sakul, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai tana cikin abin da aka yi ta magana a kai bayan nan. Shekara guda kafin wannan, a 2014, kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana.

Abin da ban taɓa tunani ba sai da Malam ya zana mana a allo shi ne inda ruwan ke zuwa bayan ya bar mu. Aboabo da Sisa da Subin, wanda ya ratsa tsakiyar gari, duka suna gangarawa kudu su faɗa kogin Oda. A kan hanya akwai masu lambu da ke ɗiban ruwan rafuffukan gari suna ban ruwan latas da kabeji da albasa mai ganye. Kayan lambun nan su ne ake kawowa kasuwa, su ne ake yankawa a zuba mana a kan wace da safe. Da ya faɗi haka sai ajin ya yi tsit, wata ta ce, "Kai Malam, ka ɓata mana wace!" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Ruwan famfonmu daga madatsar Barekese da ta Owabi yake zuwa. Barekese a kan kogin Offin take, Offin ɗin nan da muke gani a talabijin wasu sassansa sun koma kamar kunu saboda galamse. Wannan ya fi ƙarfin ɗan makaranta, na bar wa manya. Pelele ce tamu.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba. Wa'azi kaɗai ba zai gyara rafin nan ba. Matar da ke juye shara a gota da dare ta san ba kyau, shi ya sa take jira sai dare. Mai aboboya ba ya ɗauka kyauta, kwantenan bola yana da nisa, in ka je ma wani lokaci ya cika ya tumbatsa. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyar ba masai ko ɗaya, na gwamnati kuma sai ka biya, sai ka bi layi, ga yaro ya matsu da tsakar dare. Wanda bai taɓa kwana a irin wannan gida ba zai yi saurin zagi. Masu gidaje da 'yan asambile suna da nasu kason a wannan magana, kuma ina fata in wannan ɗan littafi ya shiga hannunsu su karanta wannan shafi sau biyu.

Duk da haka ina ganin makaranta tana da abin da sukul ba ta da shi. A sukul ana koya mana gurɓatar ruwa don jarrabawa, mu rubuta, mu ci maki, mu manta. A nan kuwa in Malam ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma hana yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanyarsu da inuwar da suke hutawa, yaro yana jin abin a jikinsa. Kuma yana kai shi gida. Wata ƙawata ta ce da ta maimaita wa kakarta, tsohuwar ta yi shiru can ta ce, "Ashe har wannan ma za a tambaye mu?" Tun ranar Hajiya ta sa a riƙa tara sharar gidan a buhu.

A makarantarmu mun fara da abu ƙarami. Mun rataya buhu biyu a bakin ƙofa, duk wanda ya sha piya wata ya jefa ledar a ciki. Kowace Lahadi bayan karatu aji ɗaya ke kwashe gotar gaban makaranta, maza da shebur, mata da tsintsiya, ko da yake mu matan mun ce a riƙa musanyawa, har yanzu ba a amsa mana ba. In buhunan sun cika, masu sayen leda suna zuwa su auna su biya. Kuɗin ba yawa, amma da su muka sayi sabulu da bokiti mai famfo na wanke hannu.

Roƙona ga Shugaban makaranta shi ne darasin kwalaben nan ya zama na kowace shekara, a fara shi tun daga ajin ƙanana, kafin damina ta faɗi. Muna kuma roƙon iyayenmu na kwamiti su taimaka mana da babban kwandon shara mai murfi, don awakin unguwa sun riga sun yaga mana buhu uku.