Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Yau darasin Turanci na kawo muku, amma kada uwargida ta ajiye jarida, don da ita ma nake.

Akwai wata kalma, "assume", wadda ke ba ɗalibaina wuya, domin ita kaɗai aiki uku take yi. In aljani ya rikiɗa ya zama maciji a tatsuniya, da ita za a faɗa. In an naɗa hakimi ya kama aiki, da ita. In kuma yarinya ta ɗora wa kanta girman da ba nata ba, nan ma da ita. Asalinta daga Latin ne, wato a ɗauki abu a ɗora wa kai. Haka "put on" take: da ita ake sa riga, da ita ake yanga. Ita kuwa "act" wasan kwaikwayo ce, amma in aka ce shugabar makaranta "acting" ce, riƙon ƙwarya take yi. "Disguise" ɓad da kama ke nan, kamar maharbi da shigar burtu, ko yaran tashe da gemun auduga cikin azumi. Abin mamaki, "hypocrite", wato munafuki, a Girkanci sunan ɗan wasan kwaikwayo ne.

Ku duba, mu Hausa ta raba mana su. Rikiɗa daban, riƙon ƙwarya daban, taƙama da iyayi da hura hanci daban. Ba don jarrabawa kaɗai na kawo wannan ba. Abin da nake gani tsakanin Gwarzo da Kabo ne ya dame ni.

Tun 1976 da aka soma ilmin firamare kyauta a ƙasar nan ake lallashin iyaye su bar 'ya'ya mata su yi karatu, har yau kuwa lallashin bai ƙare ba. To, sai yarinya ta dawo hutu daga makarantar kwana, ta gai da kakarta a tsaye, a miƙa mata taɓarya ta ce hannunta zai yi kanta, uwa ta yi mata magana da Hausa ta amsa da Turanci. Ke ɗiyata, kina tsammani ba mai kallonki? Maƙwabci yana gani, gobe in aka zo rubuta 'yarsa sai ya ce a kai kasuwa. Ke kika yi yangar, ƙanwarki ta gidan gaba ita ta biya.

Ni da na fito kwalejin horon malamai, an koya mini yadda zan tsaya gaban aji, da yadda zan ɗaga murya. Wannan matsayi ne, aiki ya ba ni, kuma a bakin ƙofar aji nake ajiye shi. In na shiga gida durƙusawa nake in gai da Inna, in ɗauki tsintsiya. Matsayi ana ɗauka don a yi wa mutane amfani. Girman kai kuwa zanen aro ne, ba ya rufe katara.

Ku kuma iyaye mata, a yi adalci. Ba duk Turancin da kuka ji a tsakar gida ne iyayi ba. Harshe sai da maimaici, kuma yarinya ba ta shiga jami'a sai ta ci Turanci a jarrabawar fita sakandare. In kun ji tana karatu da ƙarfi, ko tana gwada magana da ƙawarta, kada ku ce ta zama Baturiya. Ba'a irin wannan ta sa yara da yawa sun kama bakinsu a aji. Ga ma'auni mai sauƙi: in Turancin ya karanta miki takardar asibiti, ilmi ne. In an yi shi don kada ki gane abin da ake faɗa a gabanki, raini ne, ki tsawata.

Saboda haka 'yan mata, ku haddace kalmomin nan sarai, ku ci jarrabawa da su, amma na yangar ku bar su cikin littafi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.