Ki Hau da Yara Dutsen Dala a Wannan Hutun

Uwargida, in yara sun ishe ki da "Mama, Gidan Zoo", gwada kai su Dutsen Dala da sassafe. Ki tafi da ruwa, ki riƙe hannun auta a matakala.

Daga sama za ku hango Goron Dutse, ga rufin kwano iya ganinki. Ni abin da ya dame ni shi ne abin da ya ɓace. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini, shi ya sa ruwan Agusta ke shiga ɗakunan mutane. Badala ma sai cinye ta ake yi. A hanyar komawa, ki bi da su ta Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, su ga ragowarta tun tana tsaye.