Neman Aikatau Cikin Jimlar Turanci

Kusan dukanmu da ke wannan kwaleji, tun muna ƙanana aka sa mu haddace cewa aikatau kalma ce ta yin abu. Muka rera ta a aji kamar waƙa, muka ci jarrabawa da ita, ga shi yanzu ana aikenmu gwajin koyarwa, mu ma mu miƙa ta ga na bayanmu. Ni dai ina so in yi wa 'yan'uwana magana a kan wannan bayani, gama na ga iyakar inda yake kai yaro, na kuma ga inda yake sakin hannunsa.

Muddin jimlar ta gudu ce, ko ta tsalle, ko ta cin tuwo, ba wata wahala. Rubuta "The goat jumped" a allo, aji duka zai ɗaga hannu. To, amma rubuta "The goat is fat", ka ce a nuna maka aikatau. Ajin da aka ba ni na 'yan shekarar farko ne a ƙaramar sakandare, watau kusan matsayin Midil ta zamanin kakanninmu. Da na yi wannan tambaya sai wuri ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce "fat". Wani yaro kuma ya ce ai ba aikatau ko ɗaya, gama akuyar ba ta yi kome ba, tana tsaye ne kawai da ƙibarta. Yaron nan kuwa bai yi wauta ba, abin da aka gaya masa shi ya bi har ƙarshensa.

Yawancin yaran nan kowa da harshensa a gida, wani Birom, wani Angas, wani Fillanci, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da filin wasa. A Hausa kuwa in ka ce akuya mai ƙiba ce, ba aikatau cikin maganarka. Haka in ka ce kana da littafi. Ashe ke nan "be" da "have", waɗanda ke cikin kalmomin da Turanci ya fi amfani da su, ba su da takwara sosai a kunnen yaro. Har wa yau, mu lokaci a kan 'yar kalmar da ke gaban aikatau muke ɗora shi: ya dafa, zai dafa, yakan dafa. Dafa tana nan yadda take. Bature kuwa sau da yawa jikin aikatau ɗin yake taɓawa, ya ce "cooks" yau, ya ce "cooked" jiya.

Wannan bambanci shi ne ya ba ni dabara. Sai in ce wa yara su ɗauki jimlar su mai da ita jiya, su duba wace kalma ce ta motsa. "The goat is fat" ta koma "The goat was fat". Akuya ba ta motsa ba, ƙiba ba ta motsa ba, "is" ce ta sake riga. Ita ce aikatau, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Daga nan ba wuya a nuna musu cewa "be" ɗaya ce take fitowa da fuska takwas: be, am, is, are, was, were, being, been. Akwai dai 'yan masu taurin kai irin su "put" da "cut" da "hit", waɗanda "I put" na yau da na jiya duk ɗaya ne. Su sai a sa "he" a gabansu, nan da nan ka ga "he puts" ya rabu da "he put".

Bayan an gano aikatau, sai maganar irinsa. A nan ne na fi jin daɗin darasin, don Hausa tana da abin da za ta ranta wa Turanci. Muna cewa yaro ya fasa tulu, muna kuma cewa tulu ya fashe. Na farko so-karɓau ne, aikin ya faɗa kan wani abu. Na biyu ƙi-karɓau ne, aikin ya tsaya kan tulun. Ko jaririn da ya fara magana ba zai ce tulu ya fasa ba. Haka kuma muna cewa ya saya, ya sayi doki, ya saye shi, aikatau yana sake ƙarshensa bisa ga abin da ya biyo baya. Irin wannan ne Baturen nan F. W. Parsons ya bi ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960. Turanci kuwa "broke" ɗaya yake ba ka, ko "The boy broke the pot" ko "The pot broke". Sai in ce wa yaro ya mai da jimlar Hausa a zuciyarsa: fasa ka ji, ko fashe? Bai taɓa rasa amsa ba.

Na sani a makarantu da yawa akwai dokar hana harshen gida a aji, har malamin da ke duba ni ya ɗan yamutsa fuska da ya ji ana fasa tulu cikin darasin Turanci. Dokar tana da dalilinta, gama in yaro bai ji Turanci a makaranta ba, ina zai ji? Amma a ganina minti biyar na Hausa da za su buɗe wa yaro kai sun fi minti arba'in na Turancin da yake maimaitawa bai san abin da yake faɗa ba.

Tambayar da littattafai ke bayarwa, watau a tambayi aikatau "me?" ko "wa?", tana da amfani, sai dai tana da rami. "He became a farmer": ya zama me? Manomi. Yaro sai ya ce ga karɓau. Alhali kuwa shi da manomin mutum ɗaya ne, ba abin da ya faɗa kan wani. Wannan shi ne aikatau mai haɗawa, kamar "be", da "seem", da "become". Wasu kuma fuska biyu gare su, irin su "look" da "grow" da "taste". Maganinsu shi ne a cire su a sa "is". "The soup tastes good" ta zama "The soup is good", magana ta tsaya daidai. "The cook tastes the soup" kuwa ta zama "The cook is the soup", aji ya tuntsire da dariya, kowa ya gane wannan ɗanɗanon aiki ne na gaske. Don haka ni ba na yarda a ba yara jerin kalmomi a ce wannan irin kaza ne. Sai an ga kalma cikin jimlarta.

Mataimaka ma haka. "Can, could, may, might, shall, should, will, would, must", su tara ɗin nan sauƙi gare su, ba su karɓar "s" ko da an sa "he". Amma "be" da "have" da "do" yau su ne masu gida, gobe 'yan rakiya. A "She has a hoe" babban aikatau ne. A "She has eaten" rakiya kawai ya yi wa "eaten".

Abin da ya fi yawa cikin littattafan aikin da na duba shi ne "I am having a pen" da "I am hearing you". Ina da alƙalami, ina jin ka: yaro ya ji "ina", ya ɗauko "am" da "ing". Kalmomin mallaka da sani da ji irin waɗannan, Turanci bai cika sa musu "ing" ba in halin da mutum ke ciki ake nufi. "I am having supper" daidai ne, gama a nan ci ake nufi. Marasa bin ƙa'ida kuwa, su "go, went, gone", kusan 200 ne, su kam ba dabara sai hadda. Biyar nake bayarwa kowace safiya kafin a buɗe littafi.